Tebura Uku a Kwamfuta Ɗaya: Ɗaki Ne Aka Raba da Labule

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Harobanda, kusa da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a lokacin da ɗalibai ke rige-rigen miƙa memwar, ya san yadda fuskar kwamfutar mai bugawa take. Word a buɗe da babi na uku na wata ɗaliba, wani Word ɗin da takardar neman aiki ta wani dattijo da ke zaune kan benci yana jira, Excel na lissafin cinikin rana, WhatsApp da ake turo takardu ta ciki, burauza mai shafuka goma sha, ga PDF biyu da ba a san ma na wane ne ba. Duka a kan allo mai inci 14, irin mai 1366 da 768 ɗin nan da ya cika kasuwar tsofaffin portabul. Ɗaliba ta ce a koma kan teburin alƙalumanta, sai a kama Alt da Tab ana ta juyi kamar mai neman canji a aljihun babbar riga, lissafin shago ya gifta a gabanta, saƙon gida ya gifta, kafin a kai ga abin da take so.

Maganin wannan yana cikin Windows tun ranar 29 ga Yuli 2015 da Windows 10 ta fito, ba sai an sauko da wata manhaja ba, ba kuma ko dala za a biya ba. Kwamfutocinmu da yawancinsu ke magana da Faransanci suna kiransa bureaux virtuels. Mu za mu kira shi tebura kawai, tun da fuskar kwamfuta da ma tebur ake ce mata.

Kafin a kai ga maɓallai, gara a gane abin da yake tun daga tushe, don rabin kukan da ake yi da shi daga rashin gane wannan ne. Ba sabuwar kwamfuta aka ba ka ba. Ɗaki ɗaya ne aka ja labule aka raba. Ɗakin bai ƙara faɗi ba, mitar wuta ɗaya ce, abin da aka faɗa a wancan gefe ana ji a wannan, kuma kowa ya ga dama zai ɗaga labule ya leƙa. Abin da tebura suke rabawa shi ne tagogin da ke buɗe, su kaɗai. Fayiloli, asusu, ƙwaƙwalwa, intanet, duk na tarayya ne.

Yadda ake fara shi. Danna maɓallin Windows, mai tambarin taga tsakanin Ctrl da Alt, tare da Tab. Tagoginka duka za su jeru ƙanana, ka ga inda aka rubuta Nouveau bureau da alamar tarawa. A Windows 10 ta baya-baya yana can sama, a Windows 11 yana ƙasa. Ka danna shi, Bureau 2 ya fito, fes, ba taga ko ɗaya. Akwai kuma madannin yin haka a sandar ƙasa kusa da wurin bincike. Sunansa na sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan, wani wuri Affichage des tâches, wani Applications actives, wani Vue des tâches, amma aikinsa ɗaya ne.

Wanda zai yi aiki da shi kullum ba zai tsaya bin linzami ba. Haɗi huɗu ne za ka haddace:

Windows da Ctrl da D: sabon tebur, kuma nan take a kai ka cikinsa.
Windows da Ctrl da kibiyar dama ko hagu: tsallakawa zuwa tebur na gaba ko na baya.
Windows da Ctrl da F4: rufe teburin da kake ciki.
Windows da Tab: ganin komai.

Kai taga daga wannan tebur zuwa wancan kuwa, nan ne Windows ta yi rowa. Ba ta ba da haɗin maɓallai na yin haka ba har yau. Dole ka shiga Windows da Tab, ka ja tagar da linzami ka sauke ta kan ƙaramin hoton teburin da kake so, ko ka danna mata dama ka zaɓi Déplacer vers. A cikin wannan jerin ne za ka ga layuka biyu da mutane ke wucewa ba su kula ba, alhali su ne gishirin abin: ɗaya na cewa a nuna wannan tagar a kan dukan tebura, ɗayan na cewa a nuna duk tagogin wannan manhajar a kan dukan tebura. Mai shagon da ke karɓar takardu ta WhatsApp ya sa masa na farko, sai ya bi shi duk inda ya je. Haka na'urar lissafi. Amma a bi a hankali, in ka liƙa abu biyar a kowane tebur ka koma gidan jiya.

Sa wa tebura suna ya zo ne da sabuntawar Mayu 2020, wadda ake kira 2004. A cikin Windows da Tab ka danna kan rubutun Bureau 1, ka rubuta abin da kake so. Windows 11, da ta fito a Oktoba 2021, ta ƙara da barin kowane tebur ya samu hoton bango nasa, kuma ana iya jan tebura a sauya jerinsu. Hoton bangon nan ba ado ba ne kawai. In teburin lissafi kore ne, na kwastoma fari, ko da wutsiyar ido ka san inda kake kafin ka buga abin da bai kamata ba a inda bai kamata ba.

Ga shagon da muka fara da shi, uku sun isa. Na tsakiya, aikin wanda ke tsaye a kanka yanzu, shi kaɗai. Na hagu, na shago: lissafi, saƙonni, jerin masu bashi. Na dama, aikin da aka bari a zo a karɓa da la'asar. Dalilin sa babban aiki a tsakiya shi ne Windows ba ta da haɗin da zai kai ka tebur na huɗu kai tsaye, kuma in ka kai ƙarshe ba ta zagayowa farko. Taki ɗaya-ɗaya ake yi. Daga tsakiya, kowane gefe taki ɗaya ne. Masu buɗe tebur bakwai ko takwas, galibi bayan mako guda sai ka tarar sun manta abin da suka ajiye a na shida. Ba kwamfutar ce ta gaza ba, ta ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba. Kan mutum ne ba ya riƙewa.

To, inda ake yin tuntuɓe.

Na farko, kuma shi ya fi tayar da hankali: mutum na son Windows da D, wato a kwantar da tagogi a ga fuskar tebur, ɗan yatsa ya goga Ctrl, sai ga shi a sabon tebur wayam. Sai a ɗora hannu a ka, a ce aikin shafi tamanin ya tafi. Bai tafi ko'ina ba, yana bayan labule. Windows da Ctrl da kibiyar hagu, ya dawo. Babbar ɓarna ita ce wanda ya firgita ya danne maɓallin kashewa da ƙarfi. Shi kam abin da bai adana ba ya shiga haɗari da gaske. In kana koya wa yaron shago kwamfuta, wannan ka fara nuna masa tun kafin ranar ta zo.

Rufe tebur ba ya rufe abin da ke cikinsa. Tagogin za su zube ne a teburin da ke maƙwabtaka da shi, yawanci na hagu. Saboda haka ba a asarar aiki ta wannan hanya. Sai dai F4 na da ɗan'uwa mai haɗari: Alt da F4 na rufe manhajar kanta. Kuma a portabul da yawa layin F na sama an ba shi aikin sauti da haske, sai ka haɗa da Fn kafin F4 ta amsa. In ka danna ka ga sauti ne ya ɗauke ko wani abu daban ya faru, dalilin ke nan.

Akwai kuma na kibiyoyi. Ka manta Ctrl, ka danna Windows da kibiya kawai, taga ta manne a rabin allo. Wannan ba komai, wani amfanin ne ma. Amma a tsofaffin kwamfutoci masu katin hoto na Intel, Ctrl da Alt da kibiya na juya allon gaba ɗaya, ya kwanta a gefe ko ya yi kai ƙasa. Masu allon maɓallai na Faransanci, wato AZERTY, sun fi faɗawa wannan rami, domin AltGr da muke dannawa dare da rana don fitar da alamar adireshin imel, Windows na iya ɗaukarsa a matsayin Ctrl da Alt a haɗe. Gyaran: Ctrl da Alt da kibiyar sama. Ba sai an kai wa mai gyara ba.

Na biyu, maganar nauyi. Wasu na zaton in sun tura Chrome tebur na uku kwamfutar za ta samu sauƙi. Ina! Duk abin da ke buɗe yana nan yana cin RAM ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, ko ana ganinsa ko ba a gani. A na'ura mai giga 4, wadda Windows kanta ta riga ta cinye babban kaso, tebura kan ma ƙara dagula al'amari, don idon da bai ga cunkoso ba sai ya ci gaba da buɗe wasu. Ka danna Ctrl da Shift da Échap, ka duba shafin Performances. In ƙwaƙwalwa ta haura kashi 85 cikin ɗari kuma faifan na ta aiki ba hutawa, ba tebur za ka ƙara ba, rufewa za ka yi. Teburin kansa, in babu komai a ciki, nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Haka batun forfe: bidiyon da aka bari yana tafiya a bayan labule yana shan megas ɗinka, muryarsa ma kana ji in ba ka kashe ta ba. A watan Afrilu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, fankar portabul da ke ihu ba ta san da wani labule ba, aikin da aka ɗora mata take ji.

Na uku, sirri, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. Tebur ba makulli ba ne. Wanda ya san haɗin maɓallai uku ya ga komai cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ka kwafa a tebur na ɗaya, lambar sirri ce ko lambar waya, yana nan a hannun kwamfuta in aka danna Ctrl da V a tebur na biyu. Facebook ko imel da ka shiga a burauza, in kwastoma ya buɗe sabuwar taga a nasa teburin, asusunka zai tarar a buɗe, don burauzar ɗaya ce. Saƙonnin da ke leƙowa a kusurwar dama ta ƙasa ma ba ruwansu da teburin da kake. Kuma gumakan da ke zube a fuskar allo, da fayilolin da aka ajiye a can, iri ɗaya ne a ko'ina, tun da dosiye ɗaya ne. Ka goge a nan, ka goge a can. Tebur na kawar da ido ne daga abin da bai shafe shi ba, ya yi daidai da ɗalibar da ke tsaye tana duba aikinta. In kuwa za ka tashi ka bar wa wani kujera, Windows da L ka kulle, ko ka buɗe masa asusun mai amfani na daban, marar ikon shugaba, a Paramètres, Comptes. Wannan shi ne bango. Wancan labule ne.

Na huɗu, fizga. Kana tebur na biyu, ka danna fayil na Excel, sai ka ga an figge ka an kai tebur na ɗaya. Dalili: manhajar na buɗe a can, Windows ta miƙa mata fayil ɗin, ita kuma ta jawo ka wurinta. Haka mahaɗin intanet da ka danna yakan buɗe a tagar burauzar da ka taɓa daga ƙarshe, ko tana ina. Dabarar ita ce ka riga ta: a teburin da kake, buɗe sabuwar taga ta manhajar tukuna, ta hanyar riƙe Maj, wato Shift, ka danna gunkinta a sandar ƙasa, sannan ka buɗe fayil ɗin daga cikinta da Ctrl da O. Ba kowace manhaja ke jin wannan magana ba. Masu taga ɗaya tak, sai dai ka liƙa su a dukan tebura ka huta.

Ɗan'uwan wannan shi ne ƙaramin akwatin tambaya da ya maƙale a wani tebur. Ka ce a fitar da kilen USB, a ce maka ana aiki da shi, ka duba ba ka ga komai ba. Fayil ɗin na buɗe a tebur na uku. Ko ka tura bugu firinta ta yi shiru, ashe tambayar takarda na jiranka a bayan labule. Ko kwamfuta ta ƙi mutuwa don Word na can yana tambaya ko a adana. Idan wannan na yawan samunka, shiga Paramètres, Système, Multitâche, sashen tebura. Zaɓi biyu ne: abin da sandar ƙasa za ta nuna, da abin da Alt da Tab zai nuna, kowanne ko na teburin da kake kaɗai, ko na duka. A ganinmu haɗin da ya fi ga mai aikin jama'a shi ne sandar ƙasa ta nuna duka, don kada wani abu ya ɓace maka, Alt da Tab kuma ya tsaya a teburin da kake, don kada lissafinka ya gifta a gaban baƙo. In aka sa duka biyun a kan dukan tebura, to an yage labulen, ba sauran amfani.

Sai batun wuta, wanda a wurinmu ba ƙaramin batu ba ne. In kwamfuta ta mutu ta tashi, Windows na tuna yawan tebura da sunayensu, amma ba ta mayar maka da kowace taga mazauninta. Za ka tarar da ɗakuna da sunaye a ƙofa, ciki wayam. Mai portabul yana da mafita: dogon barci, veille prolongée, wanda ke rubuta duk abin da ke ƙwaƙwalwa a faifai kafin ya kashe na'urar ɗungurungum. In ka kunna, kowane tebur na nan yadda ka bar shi, ko batir ya ƙare a tsakani. A ɓoye yake zuwa. Ana fito da shi ta Panneau de configuration, Options d'alimentation, wurin zaɓen aikin maɓallin kunnawa, ka danna layin da ke buɗe saitunan da aka kulle, ka sa alama a kansa. Zai ci ƴan giga a faifai, ya danganta da girman RAM ɗinka. Gajeren barci, veille kawai, yana buƙatar ɗan abin wuta a kai a kai. Wuta ta yanke, batir ma ya ƙare, tsarin na iya rushewa. Mai babbar kwamfuta ta kan tebur da ba ta da ondilar kuwa, ba abin da zai cece shi sai adanawa. Word na ajiye kwafin ceto duk minti 10 in ba a taɓa shi ba. Shiga Fichier, Options, Enregistrement ka mayar da shi 3. Takardar da aka fi asara ita ce wadda aka tura wani tebur aka manta ba a ko sa mata suna ba.

Malamai da masu gabatar da aiki a taro, ga naku. Windows na sauya tebur a dukan allunan da ke haɗe lokaci ɗaya. In ka haɗa majigi ka zaɓi Étendre ta Windows da P, sannan ka tsallaka wani tebur don duba bayananka, hoton da ke bango ma zai tafi, sai dai in ka liƙa tagar gabatarwar a dukan tebura tun farko. In Dupliquer ka zaɓa, duk inda ka leƙa ɗakin taro ya leƙa tare da kai. Haka in kana nuna dukan allonka a Zoom ko Meet. Gara ka nuna taga ɗaya.

Abin dariyar shi ne Windows ce ta zo a makare. Masu bincike a Xerox PARC, a Amurka, sun yi wani tsari mai suna Rooms, wato ɗakuna, tun 1986. Masu Unix da Linux sun saba da shi tun shekarun 1990. Apple ta kawo nata, Spaces, a tsarin Mac mai suna Leopard cikin Oktoba 2007, ta haɗe shi cikin Mission Control a 2011. A Mac Control da kibiya ne, kuma ana kaiwa tebur 16. Microsoft kanta ta daɗe tana ba da ƴan ƙananan manhajoji na gefe masu tebur huɗu, ɗaya ta zamanin XP, ɗaya mai suna Desktops daga Sysinternals, amma Windows 7 da har yanzu ake gani a wasu ofisoshi ba ta da shi a jikinta.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska. Tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da shekarun injin. Wanda ya yanke shawarar sa wa tasa Linux Mint ko Ubuntu zai tarar tebura sun fi daɗin hannu a can. A Mint mai Cinnamon, Ctrl da Alt da kibiya na tsallakawa, ka ƙara Maj ka tafi da tagar da kake ciki, abin nan da Windows ta hana. A Ubuntu, maɓallin Windows, da suke kira Super, tare da Page Up ko Page Down. Ka ƙara Maj taga ta bi ka. Tebura a Ubuntu kan ƙaru da kansu in ka cika na ƙarshe, su ɓace in sun zama wayam, kuma allo na biyu yakan tsaya cik yayin da na farko ke sauyawa, wanda shi ne daidai abin da mai majigi ke so. Wanda ke yawo tsakanin Linux da tsohuwar Windows dai ya kula da hannunsa, don Ctrl da Alt da kibiyar da ke sauya tebur a nan, ita ce ke kifar da allo a can.

Saura ƴan ƙanana biyu. A portabul masu faifan taɓawa na zamani, yatsu huɗu ka share dama ko hagu tebur ya sauya, yatsu uku sama ka ga komai. In naka bai amsa ba, duba Paramètres, sashen Pavé tactile. In babu maganar yatsu uku da huɗu a wurin, faifan tsohon yayi ne, ka koma ga maɓallai. In kuma tsallakawa na jan ƙafa, allo na tafiya kamar ana jan buhu, kashe motsin ado: a Windows 11, Accessibilité, Effets visuels, ka sauke Effets d'animation, a Windows 10 yana cikin Options d'ergonomie, Affichage. Sauyin zai koma nan take, ba zamiya.